Gani Bai Kori Ji Ba: Mawaƙan da Aka Kashe da Baki da Waɗanda Aka Ƙi Yarda Sun Mutu

Malaman da ke koyarwa a Madawa da Buza da Kaita sun san wata irin tambaya da ɗalibai kan kawo bayan an tashi daga aji, ko kuwa a fada sa'ad da ake jiran shayi ya nuna. Yaro zai miƙo salula, a cikinta akwai guntun zane mai motsi na waɗansu mutane masu launin rawaya da ƙwala-ƙwalan idanu, ya ce wai waɗannan sun faɗi abu kaza tun kafin ya auku, wai kuma a cikinsu ne aka ɓoye shaidar cewa mawaƙin nan Michael Jackson bai mutu ba, ɓuya ya yi. Idan malami ya ce ƙanzon kurege ne, sai yaro ya amsa da karin maganar da mu da kanmu muka koya masa: ai gani ya kori ji, ga shi kuwa ya gani da idonsa. To, wannan zance yana da tarihi, shekarunsa sun haura 50, kuma an san waɗanda suka ƙaga shi da ranakun da suka yi hakan. Malamin da ya san tarihin ya fi wanda ya tsaya ga tsawa kawai abin faɗa wa yaron.

Ɗalibai biyu da gidan rediyo ɗaya

Abin ya faro ne a Amurka cikin 1969, a kan wani mawaƙi ɗan Ingila, Paul McCartney, ɗaya daga cikin samari huɗu na ƙungiyar Beatles wadda ta fi kowace ƙungiyar kiɗa suna a wancan zamani. Ranar 17 ga Satumba, jaridar ɗalibai ta Jami'ar Drake ta buga rubutun wani ɗalibi mai suna Tim Harper, yana tambaya ko Paul ya mutu. Ranar 12 ga Oktoba wani ya buga waya gidan rediyon WKNR da ke birnin Detroit, ya ce wa mai gabatarwa Russ Gibb ya juya wani faifan Beatles da baya ya saurara, zai ji saƙo. Bayan kwana biyu sai wani ɗalibin, Fred LaBour, ya rubuta dogon sharhi a jaridar Michigan Daily, ya tsara labarin daki-daki: wai Paul ya rasu a haɗarin mota tun Nuwamban 1966, aka rufe bakin kowa, aka ɗauko wani mai kama da shi, William Campbell, aka ɗora a gurbinsa don kada kasuwa ta mutu. Daga baya LaBour ya faɗa da bakinsa cewa yawancin alamun shi ya ƙirƙire su don raha, har da sunan Campbell ɗin. Amma kafin ya yi wannan bayani zance ya riga ya tsallaka teku.

Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce hoton da ke bangon faifan Abbey Road, wanda ya fito 26 ga Satumba 1969. Hoto ne na mutum huɗu suna ƙetare titi a Landan, ba wani abu ba. Sai aka karanta shi kamar yadda mai duba ke karanta ƙasa. John Lennon da ke gaba cikin fararen kaya, aka ce shi ne mai yi wa gawa addu'a. Ringo Starr cikin baƙaƙe, mai shirya jana'iza ke nan. George Harrison da ke baya cikin kayan aiki, mai haƙa kabari. Shi kuwa Paul ba takalmi a ƙafarsa, ga taba a hannunsa na dama alhali bahago ne, saboda haka gawa ce. Wata mota da ke gefen titi tana ɗauke da lamba LMW 281F, aka karanta ƙarshenta da Ingilishi aka fassara: da yana raye da shekararsa 28. An haifi Paul 18 ga Yuni 1942, wato shekararsa 27 a lokacin. Wannan bai dami kowa ba, sai aka ce ai a waɗansu ƙasashen Asiya ana haɗawa da watannin ciki wajen lissafi. Mai karatu ya lura da wannan dabara, domin za mu sake haɗuwa da ita: duk abin da ya rushe zancen, sai a juya shi ya zama sabon ginshiƙi.

Mujallar Life ta aika ma'aikatanta har gonarsa a Sikotlan, ta buga hotonsa da iyalinsa ranar 7 ga Nuwamba 1969. Zancen ya lafa, bai mutu ba. Kamfanin da ke sayar da faya-fayan kuwa bai yi asara ba, don mutane sun yi ta sayen tsofaffi suna neman alamu.

A nan ne zane ya shigo. Cikin Yunin 1970 mujallar zanen Batman, lamba 222, ta yi wa jita-jitar ba'a da labarin wata ƙungiyar mawaƙa da ake zargin ɗayansu ya mutu an musanya shi. Da Batman ya bincika sai ya tarar wanda ake zargin shi kaɗai ne na gaske, sauran ukun ne suka mutu a haɗarin jirgi aka kawo masu kama da su. Shekara 25 bayan haka, ranar 15 ga Oktoba 1995, Paul da kansa ya fito a shirin The Simpsons, wato shirin mutanen nan masu launin rawaya, aka ɓoye muryarsa a juye cikin waƙar ƙarshe. Wanda ya sha wahalar juya ta da baya abin da zai ji shi ne yadda ake dafa miyar wani irin wake, sai kuma Paul yana ƙarawa da cewa yana nan da ransa. Zane dai dariya ya yi wa masu neman alamu. Su kuwa abin da suka ɗauka daban ne: ashe da gaske ana ɓoye saƙo a cikin zane.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa don adalci ga masu zargin. A fim ɗin zane na Beatles mai suna Yellow Submarine, na 1968, muryar da ke magana a bakin Paul ba tasa ba ce, ta wani ɗan wasa ce, Geoffrey Hughes. Haka nan shirin zane na Jackson 5 da aka fara nunawa a 1971, ƴan wasa ne suka ari bakin Michael da ƴan'uwansa wajen magana. Aron murya ita ce sana'ar zane mai motsi tun asali. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya zauna gidan kallo a Tamaske ko Karofan ya san cewa jarumar da ke motsa leɓe a fim ɗin Kano ba ita ke rera waƙar ba, wata ce a ɗakin ɗaukar murya, irin su Fati Nijar ƴar Maraɗi. Ya kuma san cewa Ba'indiyen da ke zuba Hausa a fassarar Algaita bai taɓa taka Kano ba.

Birkila mai muryar Michael Jackson

Labarin Michael Jackson ya fi na Paul sarƙaƙiya, domin shi kam ya taɓa yin wasan ɓuya na gaske, a cikin zane kuwa. Ranar 19 ga Satumba 1991 aka nuna wani kashi na The Simpsons inda aka kai Homer, uban gidan, asibitin masu taɓin hankali. Can ya gamu da wani ƙaton Bature mai sanƙo wanda ya ce shi ne Michael Jackson, yana magana da siririyar muryar nan da duniya ta sani. A ƙarshe mutumin ya ce sunansa na gaskiya Leon Kompowsky, birkila ne daga jihar New Jersey. Da aka jera sunayen ƴan wasa, sai aka rubuta wani John Jay Smith, sunan da ba mai shi. Masu kallo suka yi ta gardama, masu shirin kuma yarjejeniya ta ɗaure bakinsu. Gaskiyar da ta fito daga baya ita ce: maganar ta Jackson ce, shi ya nemi a saka shi, shi ya ce a ɓoye sunansa, amma waƙoƙin da ke ciki wani mai kwaikwayonsa ne ya rera, Kipp Lennon. Wato Jackson na gaske ya fito a matsayin mai ƙaryar shi Jackson ne, na jabu kuma ya yi waƙa a madadin na gaske. Wanda ya taɓa yin irin wannan, ranar da aka ce ya mutu dole a sami masu cewa wani wasan ne.

Ranar ta zo 25 ga Yuni 2009, a birnin Los Angeles, yana da shekara 50, saura ƴan makwanni ya fara jerin wasanni 50 da aka shirya masa a Landan. Dalilin mutuwar ba a ɓoye yake ba. Binciken gawa ya nuna maganin sa barci mai ƙarfi da ake kira propofol, wanda a ɗakin tiyata ake amfani da shi, likitansa Conrad Murray kuwa yana ba shi a gida. Kotu ta sami Murray da laifin kisa ba da niyya ba ranar 7 ga Nuwamba 2011, aka yanke masa shekara 4. An yi shari'ar a bainar jama'a, da shaidu da takardu. Sai dai a taron juyayin da aka yi ranar 7 ga Yuli akwatin gawar a rufe yake, ba a kuma binne shi ba sai 3 ga Satumba. Mu da ke binne mamacinmu kafin rana ta faɗi, wannan jinkiri na fiye da wata biyu kaɗai ya isa ya sa mu ɗaga gira.

Daga nan masoya suka koma kan zane suna tono. Aka tuno da birkilan Simpsons, aka ce ai tun 1991 ya nuna yadda zai ɓace cikin jikin wani. Aka tuno ya raɗa wa gidan gonarsa suna Neverland, ƙasar Peter Pan, yaron tatsuniyar Ingila da ba ya tsufa, wanda kamfanin Disney ya mayar zane a 1953, aka ce wanda ya kira kansa Peter Pan ba zai mutu ba. A watan Agusta 2009 wani bidiyo ya bazu, ana ganin mai kama da Jackson yana saukowa daga motar ɗaukar gawa da ƙafarsa. Gidan talabijin na RTL a Jamus ne ya shirya shi da gangan don ya gwada saurin yaɗuwar ƙarya. Dubban ɗaruruwan mutane suka kalla cikin kwana guda, kuma bayanin da gidan ya yi daga baya bai kai ko'ina kusa da inda bidiyon ya kai ba.

Yadda zancen ya iso Adar ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasar. Da an gama girbi samarin Buza da Kaita da Madawa kan kama hanyar ci-rani, waɗansu Sakkwato da Kano da Legas, waɗansu Abijan, waɗansu Libiya, su komo da rediyo da kaset a da, yanzu kuma da salula cike da bidiyo. A Kodebuwa kuwa Jackson ba baƙo ba ne: cikin Fabrairu 1992 ya ziyarci garin Krindjabo na masarautar Sanwi aka yi masa naɗin sarauta, da ya mutu kuma mutanen garin suka yi masa nasu bikin makoki. A wajenmu sai jita-jitar ta ɗauki launin da ya dace da mu. A Nuwamban 2008 jaridar The Sun ta Ingila ta ce ya musulunta, abin da shi bai taɓa tabbatarwa ba. Wansa Jermaine ne aka san ya musulunta tun 1989, shi kuma Michael ya zauna Bahrain bayan shari'arsa ta 2005. Aka kuma riƙa tura wata waƙar yabon Allah daga waya zuwa waya da sunansa, alhali ta Zain Bhikha ce, mawaƙin Afirka ta Kudu. Aron murya ne ya sake dawowa, wannan karon ba da sanin mai muryar ba.

Namu na gida

Kada mai karatu ya zaci cutar Turawa ce muka ɗauka. Bayan yaƙin Burmi, 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi, Ingilishi sun ɗauki hoton gawarsa suka baza, domin sun san jama'a ba za su yarda ya mutu ba. Shekara 114 bayan haka, da Shugaba Muhammadu Buhari ya shafe fiye da kwana 100 yana jinya a Landan cikin 2017, sai aka wayi gari ana cewa ya rasu, wanda ya dawo wani Jibrin ne daga Sudan. Hujjojin su ne na Abbey Road sak: a auna kunne a hotuna biyu, a nuna shi yana rubutu da hagu a hoton da aka juya. Har sai da shugaban ƙasa ya tsaya a Polan ranar 2 ga Disamba 2018 yana shaida wa ƴan ƙasarsa cewa shi ne da kansa. Ya rayu har 13 ga Yuli 2025. A nan wasa ya ƙare, domin zaɓe na tafe a lokacin, kuma masu yaɗa zancen sun san abin da suke nema.

Amma wanda ya fi kusa da batunmu shi ne marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, mutumin Ɗanlasan a jihar Kano, wanda gidajen kallo na Adar suka sani kamar ɗan gari. An sha kashe shi da baki yana raye, sau da yawa, ya fito ya ƙaryata. A ganina dalilin yana cikin irin wasan da yake yi. Ibro shi ne mafi kama da mutumin zane a duk fim ɗin Hausa, ko kuwa in ce Gizon zamani: sunansa ɗaya a kowane fim, rigar ce kawai ke sauyawa, yau Ibro Awilo yana kwaikwayon mawaƙin Kwango, gobe Ibro Usama, jibi Ibro Saddam. A doke shi, a kore shi, a ɗaure shi, fim na gaba ya dawo garau. Ko ɗaurin wata 2 da kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace fina-finai ta Kano ta yi masa a 2008, a kan fim ɗin Ibro Aloko, ya zama wa masu kallo kamar wani kashi na wasan. Mutum ne da jama'a suka daina rarrabe shi da hotonsa, shi ya sa labarin mutuwarsa ya zama abin tauna mai sauƙi. Da ajali ya zo da gaske cikin Disamba 2014, mutane da yawa sun fara ɗaukar labarin a matsayin irin na baya. Ba a cika tunawa ba cewa kowace mutuwar ƙarya da aka yi masa akwai iyali da suka ji ta kafin su ji ƙaryatawar.

Sauran maganar ita ce ta duba, wato cewa masu zanen Simpsons sun san gaibu. Shirin ya fara ne 17 ga Disamba 1989, ya haura kashi 700, kowane kashi cike da barkwanci a kan abin da ake ciki. Wanda ya watsa tsaba mai yawa haka, dole wata ta faɗa rami. Misalin da ya shafe mu shi ne na Ebola. Lokacin annobar 2014 an yi ta yawo da hoton wani kashi na 1997 inda aka nuna littafin yara mai sunan cutar, aka ce sun san za a kawo mana ita. An gano Ebola tun 1976, ta kuma yi ɓarna a garin Kikwit na Zayar a 1995, jaridun duniya suka cika da labarin. Masu zanen jarida suka karanta. Na Donald Trump ma haka: gaskiya ne wani kashi na Maris 2000 ya ambace shi a matsayin shugaban ƙasa, a lokacin da shi kansa yake maganar tsayawa takara. Amma hoton da ya fi yawo, wanda ke nuna shi a kan matakala mai tafiya da kanta, an zana shi ne a 2015, bayan abin ya faru, sai wani ya manna masa 2000. Zane ba ya ɗauke da ranar haihuwarsa a goshi. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙera irin waɗannan zane-zane cikin ƴan mintoci, da yawan abin da ke shigowa wayoyin ɗalibanmu da sunan Simpsons ba su taɓa fitowa a shirin ba sam.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, yaran da ke neman asiri a zanen Amurka ba su san cewa ɗaya daga cikin iyayen zane mai motsi a Afirka a Tawa ya zauna ba, babban birnin jiharsu. Mustafa Alasan, wanda aka haifa 1942 ya rasu 17 ga Maris 2015, ya fara ne da nuna wa jama'a zanensa da hasken fitila, daga baya ya yi aiki tare da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro ilimin sana'ar. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da jiniya da faretin soja da dukan burgar da sababbin shugabannin Afirka ke yi a lokacin. Ba wanda ya ce duba ya yi. Kowa ya gane wa ake nufi. A shekarar kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, fim na mutane, inda saurayi ya komo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Amurkawa suka hau dawaki suka dami ƙauye, har wasa ya kai ga zubar da jini. Kusan shekara 60 ke nan da ya nuna abin da ke faruwa idan ɗan ci-rani ya kawo hoto gida aka ɗauke shi gaskiya.

Ƙungiyar al'adu da za ta nemo waɗannan fina-finai biyu ta nuna su a gidan matasa na Madawa ko na Buza, ta sa ɗalibai su zana kwaɗo a kusurwar shafuka 24 na tsohon littafi su kaɗa da yatsa su ga ya yi tsalle, ta koya musu cewa kowane motsi hannun mutum ne ya yi shi, a wata rana sananniya, da wata manufa. Malamin tarihi kuma ba ya bukatar sabon kayan aiki. Almajiran hadisi a zaurukanmu sun daɗe suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya. Guntun zanen da yaro ya miƙo ma yana da amsar waɗannan: sunan kashin, shekarar da aka nuna shi, da wanda ya yanko shi ya turo. Na birkila Leon Kompowsky kuwa sai an sha wuya kafin a same shi cikakke, domin masu shirin sun janye shi daga kasuwa a watan Maris 2019, bayan wani fim da ya sake tayar da zargin cin zarafin yara da aka daɗe ana yi wa Jackson. Masu cewa yana raye sun ƙara janyewar a cikin jerin alamunsu.